Dutsen da Ya Faɗo Daga Sama

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:23-41; Irmiya 10:1-5; Zabura 8
Aya ta haddacewa: Ishaya 40:26
Manufa: Iyalin Kirista su san abin da duwatsun sararin sama suke, su san yadda masu bincike suke lura da su, domin kada tsoro ko kwaɗayi ya sa a ruɗe su.

Gabatarwa

Mutanen ƙasar Gude ba baƙi ba ne ga sararin sama. A Gella, da Kwaja, da ƙauyukan da suke gindin duwatsun Mandara har zuwa iyakar Kamaru, inda hasken lantarki bai cika dare ba, iyali sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin zafi, taurari kuwa suna bisa kansu kamar an watsa gero. Wani lokaci sai a ga haske ya tsaga sama da sauri ya ɓace, yara su ce tauraro ya faɗi. A wurare da yawa akan fassara wannan da cewa wani babban mutum ya rasu, ko kuwa wata masifa tana tafe.

A da, irin wannan magana ba ta wuce tsakar gida. Yanzu kuwa wayar hannu ta ba ta ƙafafu. Saƙo yakan iso da hoton wuta da hayaƙi, yana cewa masana sun gano dutsen da zai hallaka duniya a rana kaza, a ƙarshensa kuma a liƙa ayar Wahayin Yahaya. Waɗanda suka ga abin da ya faru sa'ad da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a watan Oktoba na 2014 sun san abin da ƙara mai ƙarfi da labarin firgita suke yi wa zuciya. Saboda haka wannan batu ba na masana kaɗai ba ne. Ya shafi barcin yara, da dukiyar gida, da amincin wa'azin da ake ji ran Lahadi. Akwai kuma dalili na musamman da ya sa ya kamata a yi wannan darasi tun yanzu: a shekarar 2029 wani babban dutse zai wuce kusa da duniya, har a iya ganinsa da ido daga Adamawa.

1. Abin da ya faɗo a Mayo Belwa

Abu na fari da ya kamata a sani shi ne, tauraro ba ya faɗowa. Taurari ranaku ne kamar tamu rana, masu girma ƙwarai, nisa ne ya sa suka zama kamar ɗigon haske. Abin da ake gani yana tsaga sama da dare, yawanci ɗan tsakuwa ne wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Yana shigowa iskar da take kewaye da duniya da gudun da ya wuce kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya, ya yi zafi, ya ƙone ƙurmus a nisan kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Allah ya yi wa duniya wannan iska ta zama mata kamar rufin ɗaki. Sai wanda yake da ɗan girma ne kaɗai raguwarsa take isowa ƙasa.

Irin wannan ya taɓa faruwa a jihar Adamawa. Ran 3 ga watan Agusta, 1974, wani dutse mai nauyin kilo 4.85 ya faɗo a Mayo Belwa, kudu da Yola. Da masana suka bincika shi, sai suka tarar yana cikin wani jinsi mai wuyar samu da ake kira obirait, sunan da aka ɗauko daga ƙauyen Aubres na Faransa, inda irinsa ya faɗo a 1836. Dutse ne mai haske, fari-fari, ba baƙi ba kamar yawancin 'yan'uwansa. Waɗanda aka shaida faɗowarsu daga wannan jinsi a duniya duka ba su kai 20 ba. Ta haka sunan Mayo Belwa ya shiga littattafan masana na ƙasashen da mutanensu ba su taɓa jin sunan Yola ba.

Ba shi kaɗai ba ne a arewacin Nijeriya. Ran 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin wajen kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin lardin Katsina. Shekaru da yawa bayan haka aka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, aka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars, wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a 1976. Wato wannan dutse ɓallin Mars ne: wani abu ya bugi Mars da ƙarfi, ya fizge shi, ya yi ta yawo har ya sauka a gonar Bakatsine. Ran 3 ga Afrilu, 1984 kuma, wani wanda aka ƙiyasta ya kai kilo 100 ya faɗo a wata gona a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu. Mutanen wurin suka farfasa shi, yawancinsa ya watse a hannun jama'a.

Daga ina suke fitowa? Tsakanin Mars da Jupita akwai duwatsu da ba su ƙidayuwa, manya da ƙanana, suna kewaya rana kamar yadda duniya take yi. Wani lokaci sukan yi karo da juna, ko kuwa ƙarfin jan Jupita ya karkatar da hanyar wani, har hanyarsa ta gitta ta duniya. In duniya da dutsen suka iso mahaɗar a lokaci ɗaya, sai ya faɗo. Ba aiko shi aka yi ga wani gida ba, ba kuma tsafin maƙwabci ba ne. Halitta ce mai bin ƙa'idar da Mahalicci ya kafa mata.

2. Masu gadin sararin sama

Sa'ad da dutsen Mayo Belwa ya faɗo, ba wanda ya san yana zuwa. Cikin shekarun nan abin ya sake. Akwai manyan maduban hangen nesa a bisa duwatsu a Arizona da Hawaii na Amurka, da ƙasar Chile, da Afirka ta Kudu, waɗanda aikinsu kowane dare shi ne gadi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Na'ura takan ɗauki hoton wuri ɗaya na sama sau uku ko huɗu, da 'yan mintoci a tsakani. Taurari suna nan a matsayinsu cikin dukan hotunan, amma in akwai ɗigon da ya matsa, to, wannan abu ne mai tafiya. Sai a aika da ma'auninsa zuwa wata cibiya a Amurka wadda take tattara rahotanni daga ko'ina, masu maduba a wasu ƙasashe su bi sawunsa, a lissafta hanyarsa.

An fara ganin amfanin wannan aiki a Afirka. Ran 6 ga Oktoba, 2008, wani mai lura a Arizona, Richard Kowalski, ya hango dutse mai faɗin wajen mita 4. Lissafi ya nuna zai shigo bisa arewacin Sudan kashegari da asuba, haka kuwa aka yi. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka ga dutse a sarari kafin ya faɗo. A watan Disamba na shekarar, Dokta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum, da wani masani daga Amurka, Peter Jenniskens, suka jera ɗalibai a cikin hamada suna tafiya a ƙasa suna dubawa. A tafiye-tafiyen da suka yi sun tsinci gutsattsari wajen 600. An sa musu suna Almahata Sitta, wato tasha ta shida, saboda tashar jirgin ƙasa da take kusa.

Ran 20 ga Janairu, 2024 da dare, wani masani a ƙasar Hungari, Krisztián Sárneczky, ya hango wani mai faɗin wajen mita ɗaya. Saura sa'a uku ke nan ya iso. Aka sanar cewa zai ƙone a yamma da birnin Berlin na Jamus, mutane suka fito suka ɗauki hotonsa. Da aka tsinci raguwarsa kusa da ƙauyen Ribbeck, sai ga shi obirait ne, ɗan'uwan na Mayo Belwa. Shekara 50 ce tsakanin faɗowar biyun. Na farko ya zo ba sallama, na biyu kuwa an san sa'arsa da wurinsa.

Duk da haka gadin bai cika ba. Ran 15 ga Fabrairu, 2013, dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sama bisa birnin Chelyabinsk na Rasha. Ba a gan shi ba domin ya fito ta wajen rana, inda madubi ba ya iya dubawa. Mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga fasasshen gilashi, gama da suka ga haske sun ruga taga su leƙa, ƙarfin fashewar kuwa bai iso ba sai bayan minti ɗaya ko biyu.

Zuwa shekarar 2025 an san duwatsu fiye da 35,000 waɗanda hanyarsu take kawo su kusa da duniya. Manya-manyan, masu faɗin kilomita ɗaya ko fiye, waɗanda za su iya yi wa duniya duka lahani, an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu, ba kuwa ko ɗaya a cikinsu da zai bugi duniya a cikin shekara 100 masu zuwa. Matsakaita, masu faɗin mita 140 zuwa sama, da sauran aiki a kansu, shi ya sa ake ƙara kayan aiki. Sabon gidan hangen nesa na Vera Rubin a Chile, wanda ya nuna hotunansa na farko ran 23 ga Yuni, 2025, ya gano sababbin duwatsu 2,104 cikin lura ta wajen sa'a goma kawai.

3. Lissafin da ya hau, ya kuma sauka

Yawancin saƙonnin firgita suna fitowa ne daga rashin fahimtar abu guda, wato yadda masana suke faɗin yiwuwar haɗari. Misali zai taimaka. Mutum yana tsaye a ƙofar gidansa da dare, ya hango fitilar mota can nesa tana gangarowa daga kan dutse. Hanyar ta rabu zuwa ƙauyuka da yawa, nasa yana ɗaya daga ciki. Da motar ta wuce mararraba ta farko, waɗansu ƙauyuka sun fita daga lissafi, sai yiwuwar cewa nasa za ta zo ta ƙaru. Ta wuce ta biyu, ta sāke ƙaruwa. A ta uku sai ta juya wani waje, magana ta ƙare. Motar ba ta sake niyya ba ko sau ɗaya. Sanin mai kallo ne yake ƙaruwa.

Haka ya faru da dutsen da aka sa wa lamba 2024 YR4, wanda aka gano daga Chile ran 27 ga Disamba, 2024. Da fari an ce akwai ɗan yiwuwar ya bugi duniya ran 22 ga Disamba, 2032. Lissafin ya yi ta hawa har ya kai kashi 3.1 cikin 100 ran 18 ga Fabrairu, 2025, labari ya cika duniya. Kafin watan ya ƙare, ƙarin ma'auni ya nuna duniya ta fita daga hanyarsa. A watan Maris madubin James Webb, wanda yake can cikin sarari, ya auna shi, ya nuna faɗinsa wajen mita 60 ne. Masanan ba su yi ƙarya ba sa'ad da lissafin ya hau, ba su kuma ɓoye wani abu ba sa'ad da ya sauka. Amma labarin hawan ya fi labarin saukan gudu, har yanzu ma akwai wayoyin da tsohon saƙon yake yawo a ciki.

An kuma gwada abin da za a yi in haɗari ya tabbata. Ran 26 ga Satumba, 2022, hukumar NASA ta Amurka ta sa wani kumbo mai suna DART ya yi karo da gangan da wani dutse mai suna Dimorphos, a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya. Dutsen ba ya barazana ga kowa, gwaji ne kawai. Kafin karon yakan kewaya babban ɗan'uwansa cikin sa'a 11 da minti 55. Bayan karon lokacin ya ragu da wajen minti 32. Wannan ya nuna in an ga dutse da wuri, shekaru kafin ya iso, ɗan turi kaɗan ya isa ya kawar da shi. Rigakafi ya fi magani.

4. Daren 13 ga Afrilu, 2029

Dutsen da za a fi yin magana a kansa cikin shekaru masu zuwa shi ne Apophis. An gano shi a watan Yuni na 2004, faɗinsa wajen mita 340 ne, wato ya fi tsawon filin ƙwallo uku. A watan Disamba na shekarar ya tayar da hankali, gama lissafin farko ya ba da yiwuwar kashi 2.7 cikin 100 cewa zai bugi duniya a 2029. Ba a daɗe ba aka kawar da wannan. A watan Maris na 2021 kuma aka auna shi da na'urar rada, aka tabbatar ba zai taɓa duniya ba har shekara 100 a ƙalla.

Ran Jumma'a, 13 ga Afrilu, 2029, kwana goma sha biyu bayan Ista, zai wuce a nisan wajen kilomita 32,000 daga ƙasa. Wannan ya fi kusa da taurarin ɗan adam masu kawo talabijin, waɗanda suke a wajen kilomita 36,000. Wata kuwa yana a kilomita 384,000. Mafi kusantowarsa za ta zama wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare, agogon Nijeriya. Afirka tana cikin wuraren da za su fi ganinsa, daren kuma ba farin wata. In hadari ko ƙura ba su rufe sama ba, mai tsaye a fili a ƙasar Gude zai ga ɗigon haske kamar matsakaicin tauraro yana ratsa sauran taurari a hankali. Ba wuta, ba ƙara, ba wutsiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta keɓe 2029 ta zama shekarar wayar da kai a kan waɗannan duwatsu.

Sunan kansa zai ba masu ruɗi abin faɗa, gama Apophis sunan wani maciji ne na tatsuniyar Masarawan dā. Mutanen da suka gano shi ne suka laƙaba masa sunan, kamar yadda ake sa wa sauran duwatsu sunaye. Dutsen bai san sunansa ba.

5. Abin da Maganar Allah ta koyar

Littafi Mai Tsarki ya ambaci wani abu da aka ce ya faɗo daga sama. A Ayyukan Manzanni sura 19, bayan Bulus ya yi shekara biyu yana koyarwa a Afisa, wani maƙerin azurfa mai suna Dimitiriyas ya ga cinikin siffofin gunkiya Artimas yana raguwa. Ya tara abokan sana'arsa, ya haɗa maganar riba da maganar addini, gari ya ruɗe. Luka ya lura cewa yawancin waɗanda suka cika dandalin ba su ma san dalilin taron ba, duk da haka suka yi wajen sa'a biyu suna ihu. Magatakardan gari ne ya kwantar da su, a cikin jawabinsa kuwa (aya 35) ya tuna musu cewa birninsu ne mai tsaron abin nan da ya faɗo daga sama. Masu nazari da yawa suna ganin mai yiwuwa ne dutse ne irin na Mayo Belwa.

In haka ne, to, Afisawa sun ɗauki halitta suka ba ta matsayin Mahalicci, abin da Romawa 1:25 ta tsauta a kai. A labarin an ga kurakurai uku, dukansu kuwa suna nan da rai.

Na fari, sujada ko dogara ga abin da ya fito daga sama. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta gargaɗi Isra'ila kada su ɗaga ido su ga rana da wata da taurari, zuciyarsu ta karkata ga yi musu sujada. Wanda ya ɗaura gutsuren dutse a laya, ko ya jiƙa shi ya ba mara lafiya ya sha, ya bi hanyar Afisawa. Dutsen ƙarfe ne da ma'adinai, ba ya warkarwa, ba ya kuma tsare gida. Haka ma abin da ake kira gatarin aradu: ba tsawa ce ta jefo shi ba, gatarin dutse ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu.

Na biyu, tsoro. Irmiya 10:2 ta hana jama'ar Allah su firgita da alamun sararin sama yadda al'ummai suke yi. Dalilin yana cikin Ishaya 40:26 da Zabura 147:4, inda aka nuna Ubangiji ya san yawan taurari, kowanne kuma da sunansa a wurinsa. Tsoron nan yana kisa. A watan Maris na 1997, sa'ad da tauraruwa mai wutsiya ta Hale-Bopp ta bayyana, mutum 39 na wata ƙungiya a Kalifoniya suka kashe kansu, domin shugabansu ya koya musu cewa alamar tafiyarsu ce. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu, 2011 ta zama ranar shari'a, waɗansu mabiyansa suka bar aiki suka kashe abin da suka tara. Ranar ta zo ta wuce.

Ikkilisiya ta gaskata Almasihu zai komo, ba ta kuwa rage kome daga abin da Wahayin Yahaya ya faɗa ba. Amma Ubangiji da kansa ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar (Matiyu 24:36), ya kuma gaya wa almajiransa sanin lokatai ba nasu ba ne (Ayyukan Manzanni 1:7). Dutsen da aka buga ranar wucewarsa da mintinsa tun shekaru da yawa kafin ya iso, ba zai zama ma'aunin wannan rana ba. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa kada wata magana ko wasiƙa ta girgiza su a kan cewa ranar ta riga ta zo (2 Tasalonikawa 2:1-2), a wasiƙar nan kuma ya umarci waɗanda suka daina aiki su koma su ci abincin guminsu (3:10-12). Wasiƙar wancan zamani ita ce saƙon waya na yau.

Na uku, kwaɗayi. Dimitiriyas ya yi ta kiran sunan gunkiya, amma aljihunsa yake karewa. Gaskiya ne waɗansu duwatsun nan suna da tsada. Wani ɓallin Mars mai nauyin fiye da kilo 24, wanda aka tsinta a yankin Agadas na Nijar a watan Nuwamba na 2023, an yi gwanjonsa a New York a watan Yuli na 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Irin wannan labari yakan jawo 'yan damfara, masu sayar da baƙin dutsen rafi da sunan na sama. Yakan kuma jawo masu karɓar baiko domin addu'ar kawar da dutsen da dā ma ba zai zo ba.

Ya kamata kuma a bambanta binciken sararin sama da duba. Mai duba yana cewa taurari suna mulkin aure da ciniki da ajalin mutum, Ishaya 47:13-14 kuwa ta nuna irin waɗannan ba su iya ceton ko kansu. Mai bincike yana aunawa ne, ya bayyana ma'auninsa a fili domin waɗansu su gwada, in ya yi kuskure a gyara. Zabura 111:2 ta nuna masu jin daɗin ayyukan Ubangiji sukan yi nazarinsu. Karin Magana 22:3 ta yabi mai hankali wanda yakan hangi masifa ya kauce. Yusufu bai hana yunwa zuwa Masar ba, amma ya tara hatsi shekara bakwai, rayuka suka tsira. Lura da haɗari da yin shiri ba rashin bangaskiya ba ne. Mai Zabura ta 8 ya dubi wata da taurari, ya ga ƙanƙantarsa, amma bai ƙare da fargaba ba. Ya ƙare da mamakin cewa Allah yana tunawa da mutum, har ya danƙa masa kula da ayyukan hannuwansa.

6. Abin da iyali za su yi

In saƙon firgita ya iso, kada a tura shi gaba. A tambaya: wane ne ya faɗa, yaushe aka faɗa, mene ne sunan dutsen? A nemi malamin kimiyya na makarantar sakandare, ko wani daga Jami'ar Jihar Adamawa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da suke Mubi, ya duba. Karin Magana 14:15 ta bambanta mai gaskata kowace magana da mai lura da takunsa.

In an ga haske mai tsanani a sama, a nisanci taga da gilashi har 'yan mintoci su wuce.

In an ga dutse ya faɗo, a lura da wurin da lokacin, a ɗauki hotonsa kafin a taɓa shi. Kada a wanke shi, kada a farfasa shi kamar na Gujba. A sa shi cikin leda mai tsabta, a sanar da mai unguwa, a nemi sashen nazarin ƙasa na jami'a ko Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya. Amma in abin ƙerarre ne, mai siffar bututu ko gwangwani ko mai waya a jiki, kada kowa ya kusance shi, a hana yara, a kira jami'an tsaro. A yankin da ya ga yaƙi, ba dukan abin da aka tsinta a gona ne ya fito daga taurari ba.

Iyaye su ƙarfafa yaron da yake yawan tambaya a kan sama. Ɗaliban Khartum da suka tsinci duwatsun Almahata Sitta 'ya'yan Afirka ne. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Yarinyar da take ƙirga taurari a Kwaja tana iya zama mai auna su, in an bar ta a makaranta.

Shugabannin ikkilisiya, da zumuntar mata, da matasa, da malaman makarantar Lahadi su fara bayyana maganar Apophis tun kafin masu ruɗi su riga su. A daren kuwa, ikkilisiya tana iya taruwa a fili, a gayyaci maƙwabta Kirista da Musulmi, a karanta Zabura 8, a kalli aikin Allah tare.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne ainihin abin da ake gani sa'ad da aka ce tauraro ya faɗi?
2. Me ya sa lissafin haɗarin 2024 YR4 ya hau kafin ya sauka?
3. Waɗanne kurakurai uku ne aka gani a labarin Afisa? Wanne ne ya fi yawa a unguwa a yau?
4. Ta yaya Matiyu 24:36 za ta taimaki mai bi in wani ya sa ranar ƙarshen duniya?
5. Wace amsa iyaye za su ba yaron da ya ji tsoron 13 ga Afrilu, 2029?

Abin addu'a

Iyali su gode wa Allah saboda iskar da ya rufe duniya da ita, da hikimar da ya ba masu bincike. Su roƙa domin waɗanda ƙarar yaƙi ta bar musu fargaba, Ubangiji ya ba su barci mai daɗi. Su roƙa domin fastoci da masu bishara su faɗi gaskiya ba ƙari, domin yara kuma su girma suna duban sama da yabo.